Ranar da Muka Je Damagaram a Cikin Wagadugu

Duk wanda ya zauna Wagadugu ko da shekara biyu ce ya san abin da ake nufi in an ce Siyawo, amma da yake wannan jarida tana kaiwa hannun 'yan'uwanmu na Bobo da Puytenga, har da na ƙetaren iyaka, bari in fara da ɗan bayani. Siyawo ita ce babbar kasuwar baje kolin sana'o'in hannu da ake ci a wannan birni shekara biyu-biyu. A rubuce SIAO ce, wato taƙaitaccen sunanta na Faransanci. An fara ta a 1988, ko da yake tushenta wani baje koli ne da aka yi a 1984, zamanin mulkin Toma Sankara, mutumin da ya dage a kan cewa mutanen ƙasa su sa abin da suka saƙa, su ci abin da suka noma. Kwana goma ake yi ana cin ta, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, sanyi bai riga ya shigo ba. Masaƙa da maƙera da dukawa da marina da masassaƙa na ƙasashen Afirka da dama sukan kawo kayansu. Cutar Ebola ta hana a yi ta a 2014, korona ta hana a 2020, ta 2022 kuwa sai a farkon 2023 aka yi ta. Wadda zan ba ku labari ita ce ta 17, ta shekarar 2024.

Ni mutumin Damagaram ne, can na yi karatu, can na fita kwalejin horon malamai, kuma tun 2012 nake koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a nan Wagadugu. Na sha zuwa Siyawo da abokan aiki, mu zaga, mu sha kallo, mu dawo hannu rabbana, don albashin malamin makaranta dai kun san shi. Iyali kuwa ban taɓa kai su ba sai wannan karo, shi ma uwargida ce ta tsaya kai da fata. Dalilinta ɗaya: wata maƙwabciya ta gaya mata cewa mutanen Nijar sun zo da yawa, har da dukawan Damagaram.

Wanda bai san halin da hanya take ciki ba zai ce mene ne abin ɗoki a ganin dukawa. Daga Wagadugu zuwa Yamai kimanin kilomita 500 ne, daga Yamai zuwa Damagaram kimanin 900. A da, in an ba da babban hutu, mukan shiga mota da asuba, mu bi ta Fada Ngurma da Kancari, mu kwana Yamai, kashegari mu miƙe. Wahala ce, amma wahalar da talaka zai iya. To, tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin ƙasar nan, wannan hanya ta zama sai wanda ya sayar da ransa, kuɗin jirgin sama na mutum biyar kuwa ko a mafarki ban lissafa shi ba. Rabonmu da gida tun hutun 2019. Autanmu a lokacin yana goye. Mahaifiyata tana nan da ranta a Birni, ta tsufa, abin da ke tsakaninmu da ita sai muryar da ake aikowa ta WhatsApp a wayar ƙanena. In an sa wa yara muryarta sukan yi shiru su saurara, in an ce su mayar da amsa sai kowa ya noƙe, daga "ina kwana" da "lafiya lau" zance ya ƙare.

A majalisarmu ta bayan sallar la'asar akwai masu cewa duk yaron da Hausarsa ta yi rauni, sakacin ubansa ne. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma a matsayina na wanda ya yi shekara ashirin yana fama da yara nake magana. Yaro a bakin yara 'yan'uwansa yake ɗaukar harshe, wurin wasa da faɗa da aike. A gidana Hausa ake yi, amma gidan ɗaki uku ne da tsakar gida, da an fita ƙofa kuwa Mosanci ne har bakin makaranta, a cikin aji Faransanci. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Ankara sun fi mu sa'a, don su suna da zango inda Hausa ce harshen titi. Mu ma nan an yi irin wannan unguwa, Zangwetin, wadda sunanta ma unguwar Hausawa yake nufi, amma a 2003 aka rushe ta tare da maƙwabtanta don a gina sabuwar cibiyar kasuwanci, mutanenta suka watsu gefe-gefen birni. Ban tarar da ita ba, labarinta kawai nake ji a bakin dattawa. Ga shi yanzu in ɗana yana son abokin da zai yi Hausa da shi, sai an hau babur.

Ranar Asabar muka shirya. Ni da ɗan fari a babur ɗaya, uwargida da ɗiyarmu da auta a ɗaya, don a Wagadugu mace da babur ba abin kallo ba ne. Kafin mu fita uwargida ta kafa doka: kowane yaro abu ɗaya, kada wanda ya yi kuka, kada wanda ya saki hannun wani. Muka bar baburan wurin masu tsaro, muka bi layi, aka laluba mu, aka duba jakunkuna, muka sayi tikiti muka shiga.

Ɓangaren Burkina muka fara shiga, kuma nan ne na ga abin da ban taɓa lura da shi sosai ba: yarana 'yan gari ne, ni ne baƙo. Ɗan fari, mai shekara 15, shi ya shige gaba yana yi mini bayani kamar ni ne ɗalibin. Ga saƙin da ake kira faso dan fani, ga rinin koko dunda na Bobo, ga malafar Sapone mai adon fata a tsakiyar kai, ga mutum-mutumin tagulla na maƙeran Wagadugu. Ya san yadda ake yin su, don uban wani abokinsa maƙeri ne: a fara siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya zube, sa'an nan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. Malafar ya zaɓa a matsayin abinsa ɗaya, ya yi cinikinta da Mosanci yana zolayar mai sayarwa, har mutumin ya rage masa ya kuma bi shi da addu'a. Na tsaya gefe ina murmushi, rabin abin da suka faɗa ya wuce ni.

Dole in yaba wa mutanen ƙasar nan a kan abu guda. Saƙinsu ba na ajiya ba ne. Minista yana sa shi, mai sayar da gawayi yana sa shi ranar biki, kuma tun 2023 hukuma ta shigar da shi cikin tufafin 'yan makaranta. Mu kuwa saƙi da gwado da luru sun kusa zama labari, sai shadda da atamfar da aka ɗauko daga wata duniya.

Ban ga allon Nijar ba tukuna hancina ya gaya mini mun iso. Wanda ya tashi kusa da majema ya san warin jan fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, ba ya ɓace wa mutum ko bayan shekara nawa. Uwargida ta tsaya cak, ta ce, "Malam, ka ji?" Na ce na ji. Yaran kuwa auta toshe hanci ya yi.

Rumfunan a jere suke. Buzayen Agadas da azurfarsu, mata da turaren wuta da tabarmi da faifai, masu kilishi da cuku, sai can kusa da ƙarshe wani dattijo baduku zaune a kan buzu, da tabarau ɗaure da zare, yana ɗinkin wani abu bai ko ɗaga kai ba. Yaronsa ne ke tsaye yana fama da masu saye da Faransanci. Na yi sallama, dattijon ya ɗago, ya dube ni, ya ce, "Wannan sallama ta gida ce." Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambaye ni unguwa, na ce Birni. Ya tambayi gida, na faɗi sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa. Sai ya ajiye basilla, ya ce ai tare suka yi makarantar allo da ƙanen mahaifina, har ya kwatanta mini ƙofar gidanmu da bishiyar da ke gabanta. Jama'a, ba na jin kunyar faɗa muku, sai da na cire tabarau na goge.

Aka shimfiɗa mana tabarma a bayan rumfa. Ya ba mu labarin gari: wane ya rasu, wane ya yi aure, ruwan bana, tsadar hatsi, matsalar ruwan sha wadda Damagaram ta daɗe da ita. Ya ce kayansu sun biyo ayarin manyan motocin da sojoji ke rakawa ta Tera da Dori da Kaya, sun yi kwanaki a hanya, har ya fid da rai zai gan su kafin a buɗe kasuwa. Muna cikin haka wata Baturiya ta tsaya ta ɗauki takalmi, yaron ya gaya mata kuɗi da Faransanci, ta biya ba ta ce uffan ba. Jim kaɗan uwargida ta ɗauki irinsa ta tambaya, dattijon ya faɗi abin da bai fi rabi ba da kaɗan. Na dube shi, ya yi dariya ya ce, "Mushe, kowane harshe da kuɗinsa. Ita ba ta taya ba, da ta taya da an rage." Ban ga laifinsa ba. Wanda ya biya kuɗin rumfa da na mota da na masauki, in bai samu a wurin mai shi ba, a wurin wa zai samu?

To, ɗiyata mai shekara 11 tun da muka zauna idonta na kan wani takalmi ja mai adon kore. Ta raɗa wa uwarta, uwar ta ce ta tambaya da kanta. Ta matsa ta yi tambaya da Faransanci. Dattijon ya kama kunnensa ya ce shi kurma ne a wannan harshe, in jikarsa tana son takalmi sai ta yi masa magana da harshen kakanta. Ta juyo ta dube ni, na kau da kai. Da ƙyar ta ce, "Baba, nawa ne?" Ya ce, "Jika huɗu." Ta yi tsuru-tsuru, don ita jika ɗaya ta sani, wato ita kanta a wurin kakarta. Uwar ta raɗa mata cewa jika shi ne kuɗin da takardarsa ke ɗauke da 1,000.

A nan bari malamin makaranta ya ɗan yi darasi, ku gafarce ni. Mu da Mosawa da Julawa duk hanya ɗaya muke ƙirga sefa, wato biyar-biyar. Abin da Bahaushe ke kira dala, Bamoshe wakire yake ce masa. In Bahaushe ya ce dala ashirin, Bamoshe ya ce pisi, a takarda 100 ke nan. In mun ce dala ɗari, su ce kwabga, 500 ke nan. Jika kuwa dala metan ce. Na sha mamakin ɗaliban da ke kasa jadawalin biyar a kan allo, amma in aka aike su kasuwa sukan ninka su raba da biyar a ka, ba a taɓa cutarsu ko dala. Ɗiyata ma haka take. Lissafin yana kanta sarai, sunayen ne ba ta da su da Hausa. Da na ce mata dala ɗari ita ce kwabga, sai na ga fuskarta ta washe.

Ta tattara ƙarfin hali ta ce, "Jika biyu da dala ɗari." Dattijon ya girgiza kai a hankali ya ce, "Albarka." Ai kuwa sai yarinya ta yi tsalle, ta rungume takalmi, ta miƙo mini hannu in ba ta kuɗi. Rumfar ta kwashe da dariya, har Buzun da ke maƙwabtaka ya leƙo. A Mosanci "barka" godiya ce, ita a zatonta ya gode ya sallama. Da ta gane dariyar da ita ake yi, idonta ya ciko, ta ajiye takalmin za ta ɓuya bayan uwarta. Dattijon ya hana kowa magana. Ya jawo ta ya zaunar kusa da shi, ya ce, "Jikata, in mai kaya ya ce albarka, yana nufin ki ƙara, amma bai kore ki ba. Sai ki ce, to nawa za ka sallama? In na faɗa, ki ce a rage. In na ƙi, ki miƙe kamar za ki tafi. Ni kuma in kira ki." Suka yi ta maimaitawa kamar wasan kwaikwayo. Sau biyu tana miƙewa tana tafiya har bakin rumfa yana kiranta. A jika uku aka daidaita, ya ce, "Kawo kuɗi, Allah ya sa albarka," ta sake tsayawa tana dubansa ko wannan albarkar ma ƙi ce. Ya ƙara mata da ɗan zoben fata a matsayin gyara, ya kuma koya mata sunan wannan ma.

Ɗan fari bai shiga wannan raha ba. Yana tsaye da malafarsa a ka, yana jujjuya kayan da ke rataye. Ya tambaye ni abin da ake yi da wani ɗan tandu, na ce na kwalli ne, kakarsa tana da irinsa. Ya ɗauki alabe, na ce jakar kuɗi ce mai aljihu da yawa da fatake ke ratayawa a wuya. Ya ce, "Yanzu akwai mai amfani da su?" Dattijon da kansa ya amsa cewa kaɗan ne, yawanci baƙi ke saye su rataye a bango. Abin da ke ciyar da shi yanzu gidan wayar salula ne da maƙalin makulli da jakar mata. Ya faɗi haka ba tare da wani baƙin ciki ba, ya ce fata ba ta san abin da za a ɗinka da ita ba. Wurin Buzaye kuma yaron ya ga allon da aka jera sarƙoƙin azurfa na garuruwan Nijar, fiye da ashirin, kowace da sunan garinta. Ya nemo ta Damagaram da kansa, ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya ce mini da Faransanci, a hankali don kada uwarsa ta ji, "Baba, a makaranta suna ce mini ɗan Nijar. In mun je can kuma me za su ce mini?" Na ce masa za su ce jikan wance ne, su kawo masa fura. Ya yi ɗan murmushi, bai ce ya gamsu ba, ni ma ban matsa ba.

Da azahar muka yi salla, muka nemi inuwa a wajen masu abinci. Muka sayi kilishi da cuku a rumfar Nijar, muka haɗa da zom-kom, ruwan gero mai tsamiya da citta da Mosawa ke tarbar baƙo da shi, ɗan'uwan farau-farau ɗinmu. Auta ya ce cuku kamar takarda, ya tofar, amma kilishi sai da aka ƙwace. Abinsa ɗaya da ya zaɓa, bayan duk fasahar Afirka da aka tara a wurin, balan-balan ce ta dala ashirin, ita ma ba ta kai gida ba.

Uwargida ce ta kawo maganar saƙo. Ta ce tun da ga mai zuwa har ƙofar gida, ai ba ma bari ya tafi hannu wofi. Muka koma ɓangaren Burkina, ta zaɓi zanen faso dan fani mai ratsin baƙi da fari, ta yi ciniki har sai da na gaji da tsayuwa. Na haɗa da ɗan abin da ya rage a aljihuna, muka tsaya wurin mai hoton nan-take aka ɗauke mu mu biyar. Dattijon ya karɓa, ya ƙirga kuɗin a gabana sau biyu, ya naɗe duka a cikin wata fata ya ɗaure. Na ce zan rubuta 'yar wasiƙa ƙanena ya karanta mata. Ya ce a'a, wasiƙa ta Mushe ce, shi saƙon baki yake so daga jikoki, zai kai shi yadda aka ba shi. Auta ya ce a gaida ta, ya gudu. Ɗan fari ya ce a gaya mata yana nan yana karatu, ya tsaya a nan. Ɗiyata kuwa ta daɗe tana haɗa kalmomi, tana duban uwarta, uwar ta ƙi taimaka mata. Daga ƙarshe ta ce, "Ka ce wa Kaka na sayi takalmi. Ni na yi ciniki. Ka ce ta jira ni." Dattijon ya maimaita kalma-kalma, har da inda harshenta ya karkace, ya ce haka zai faɗa.

Muka fito gab da magariba, ƙura ta tashi, aka yi ta neman babura cikin dubban babura.

Bayan mako uku sai ga murya a waya daga Birni. Saƙo ya isa, zane ya yi kyau, ta sa shi ranar Juma'a, hoton kuma yana ƙarƙashin matashinta. Ta ce a gaya wa kishiyarta mai jan takalmi ta ji saƙo, tana nan tana jira, amma in ta zo kada ta yi tsammanin za a rage mata ko dala a kuɗin fura. Sa'an nan ta juya kan ɗan fari, ta ce wane irin ango ne wannan da zai aiko da gaisuwa ba ko goro, in bai gyara ba za ta kai ƙara wurin Sarki a raba auren. Yaron ya sa aka maimaita masa muryar sau biyu, ya tambayi uwarsa ma'anar "raba aure," sa'an nan ya karɓi wayar ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Mun ji shi yana ɗauka yana gogewa har aka kira isha'i.